Kafin Ka Tafi Shan Iska Bakin Ruwan Tiga

Tun da wayar hannu ta shiga kowane gida, samarinmu suka saba da ganin hotunan tsibiran ƙasar Girka, irin su Kirit da Rodos da Mikonos, inda rairayi ke shimfiɗe a gaɓar Bahar Rum, mutane suna kwance suna shan hantsi, waɗansu suna iyo kamar ba a mutuwa. To, da yake zuwa can sai mai hannu da shuni, kuma Allah bai ƙaddara wa Kano teku ba, da zarar an sauko daga Idi, ko makarantu sun ba da hutu, sai ka ga an cika motoci an kama hanyar Zariya, an ratse wajen Bagauda an nufi Tiga. Wannan ba abin zargi ba ne, domin fita a dubi halittar Ubangiji a yi i'itibari abu ne mai kyau, amma wajibi ne mai tafiya ya san cewa ruwan da zai tarar da wanda ya gani a hoto ba ɗaya suke ba, ko a ɗabi'a ko a haɗari.

Madatsar Tiga, wadda ke ƙasar Bebeji, gwamnatin marigayi Audu Baƙo ce ta gina ta a kan Kogin Kano, aka gama a 1974, kuma idan ta cika ruwanta kan mamaye wajen murabba'in kilomita 178. Maƙasudin gina ta shi ne noman rani da ruwan sha, shi ya sa shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura da Bunkure duk albarkacinta suke ci. Gaskiya ne an yi tunanin baƙi masu shaƙatawa, har aka gina musu masauki a kan dutsen Tiga, aka gina wani a bakin tafkin Bagauda, wanda yanzu ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Sai dai shi ruwan kansa ba don wanka aka tare shi ba.

Ruwan teku na gishiri ne, yana ɗan taimakon mai iyo ya tsaya a sama, sa'an nan a manyan wuraren wankan Girka akwai ma'aikata da aka ajiye musamman don ceto, suna zaune a bisa suna duban jama'a, in ruwa ya ɓaci su kafa jar tuta kowa ya fita. A madatsa kuwa, abin da ke ƙarƙashinka tsohuwar ƙasa ce da ruwa ya cinye, da kwazazzabanta da duwatsunta da kututturan itatuwanta, ta yadda mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya zai ƙara ya ji babu ƙasa. Ga taɓo mai riƙe ƙafa, ga ragar masunta da aka shimfiɗa ba alama, ga sanyin ruwan ƙasa da kan ɗaure jijiyar ƙafa ko da ana zafin bazara. Mafi sharri duka shi ne babbar hanyar ruwan da ke fita zuwa gonaki, domin bangonta na siminti ne mai gansakuka, ruwan yana gudu, wanda ya faɗa ko gwani ne da wuya ya sami abin kamawa. Kuma a sani, mai nutsewa galibi ba ya iya ihu, shiru yake tafiya abokansa na kusa suna raha. Wanda ya ga haka kada ya yi tsalle ya bi shi in ba horarre ba ne, don sau da yawa gawa biyu ake fitarwa. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarkar da ba kome a ciki, a yi kururuwar kiran masunta.

Sha'anin kwalekwale kuwa, Kanawa ba sa bukatar a yi musu dogon wa'azi, tun da ba a manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, sa'ad da jirgi ya kife a madatsar Watari ta Ɓagwai, ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, akasarinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa rayuka fiye da 20, kuma abin da aka fi ambata a sababin musibar shi ne lodi fiye da kima. Idan matuƙi ya ce a ƙara mutum, ka sauka. Idan babu rigar ceto, ka haƙura. Idan hadari ya haɗu ko rana ta faɗi, ka jira gobe. Mai cewa ai kome sai ajali ya yi, gaskiya ya faɗa amma bai cika ta ba, domin malaman fiƙihu sun ƙidaya kiyaye rai cikin manyan maƙasudan shari'a, kuma ba su taɓa fassara tawakkali da barin sababi ba.

Akwai kuma wata cuta da ba ta kisa nan take, saboda haka aka raina ta, ita ce tsargiya. Asalinta wata tsutsa ce da ido ba ya gani, wadda ke girma a jikin ƙananan dodon koɗi masu zama a ruwa mai kwanciya, wurin ciyayin gaɓa. Idan mai cutar ya yi bawali a ruwa, ƙwayayenta su ƙyanƙyashe su shiga dodon koɗin, bayan 'yan makonni su fito su huda fatar duk wanda ya shiga, ko wanka yake yi ko wanki ko alwala ce kawai ta sa ya tsoma ƙafa, daga nan su zarce jijiyoyin jinin mafitsara su zauna shekara da shekaru. Wannan dodon koɗi ba ya rayuwa a ruwan gishiri, shi ya sa mai wanka a Girka bai san da zancen ba. Alamarta jini a ƙarshen fitsari, kuma abin takaici har yanzu akwai ƙauyukan da ake ɗaukar wannan jini alamar yaro ya balaga, alhali kuwa ciwo ne da kan rage masa jini, ya dakushe masa karatu, in ya daɗe ya lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta, wanda likitoci ke kira praziquantel, yana nan a asibiti, ana kuma raba shi a makarantu, sai dai ba ya hana a sake kamuwa in an koma ruwan. Wanda ala tilas da ruwan zai yi wanka, ya tafasa shi, ko ya ɗiba ya ajiye kwana biyu.

Wanda ya zarce kudu ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, ya keta dajin Falgore zuwa duwatsun Riruwai a Doguwa, zai ga ƙasa mai ni'ima ƙwarai, sai dai ya tambayi mutanen wurin halin hanya kafin ya tashi, ya yi tafiyarsa da rana, ya kuma nisanci tsofaffin ramukan kuza da ruwa ya cika, don zurfinsu daga baki yake farawa.

Saboda haka muna roƙon iyaye da malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin samari, waɗanda 'ya'yan mutane ke hannunsu amana, idan kun isa Tiga ku fara neman Sarkin Ruwa ko dattawan masunta ku gaishe su, ku tambaye su inda ake tsayawa da inda ba a zuwa, ku ƙirga yaranku da sauka da tashi, kada ku bar ko ɗaya ya shiga ruwa. Ku ci soyayyen kifinku a tudu, ku kamo hanyar gida tun kafin magariba.