Rubuta Aikin Kullum a Wayar Hannu: Hanyar Inganta Sarrafa Garin Kwaki

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, kuma garin kwaki ake yi da kaso mai yawa daga cikinsa. Sai dai a yawancin ƙananan masana'antunmu, mai wuri ba zai iya faɗin kilo nawa na rogo aka shigar jiya ba, balle yawan garin da ya fita. Asarar da ba a auna ba kuwa, babu yadda za a yi a magance ta.

Manyan masana'antun abinci sun daɗe da bin wani tsari da Japanawa ke kira Kaizen, wanda kamfanin Toyota ya yi fice da shi, watau gyara kaɗan-kaɗan a kullum bisa shawarar masu yin aikin da hannunsu. A da a allo da takarda ake rubuta bayanan. A yau wayar hannu da sikeli sun wadatar, domin waya na tara lissafin makonni, ta kuma nuna lokacin da aiki ya fara ja da baya.

Abubuwan da za a rubuta kowace rana

1. Ranar da aka tono rogo da gonar da ya fito. Rogo kan fara lalacewa cikin kwana 2 zuwa 3, saboda haka a sarrafa shi tun yana sabo.
2. Nauyin rogo kafin ɓarewa, da nauyin gari bayan suya. Kilo 100 na ɗanyen rogo kan ba da kimanin kilo 20 zuwa 25 na gari.
3. Kwanakin da ƙullu ya yi a matse yana tsima. Gurzawa da matsewa da suya su ne ke rage gubar da ke cikin rogo, don haka gaggawa a nan haɗari ce ga lafiyar masu ci.
4. Laimar gari. Kada ta wuce kashi 12 cikin 100, in ba haka ba gari zai yi fumfuna a buhu.
5. Lokacin da injin gurza ya tsaya, da dalili, da man da ya sha.

Yadda za a yi amfani da bayanan

Kowace safiya ma'aikata su yi minti 10 suna duba lissafin jiya. Idan, alal misali, gari ya sauko daga kilo 23 zuwa 19, a tambaya: masu ɓarewa ne ke zurfafa wuƙa, ko rogon ne ya kwana? A canza abu guda kawai, a jira mako ɗaya, sannan a kwatanta. In an ga ci gaba, ya zama ƙa'idar wurin. Kada a mayar da lissafin sandar dukan ma'aikata, domin wanda ke tsoro ba zai rubuta gaskiya ba.

A kuma ba garin kowace rana lambarsa a jikin buhu. Idan mai saye ya kawo koke, nan take za a gano ranar da gonar, kuma irin wannan bayani na taimakawa wajen neman rajistar hukumar NAFDAC.

Muna kira ga malaman gona da su fara da ƙungiyar mata guda ɗaya a yankinsu, su koya wa mutum biyu cike bayanan, su kuma riƙa leƙa su kowane mako.