Da Wane Mudu Ake Auna Mantuwar Tsoho?

Idan tsohuwa a unguwar Gumbihini da ke Tamale ta fara ɓata hanya tsakanin gida da kasuwar Aboabo, ko ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone, 'ya'yanta masu ƙoƙari su kan kai ta Asibitin Koyarwa na Tamale. Sai dai tambayoyin da littattafan likitanci suka tanada don gano cutar mantuwa, wadda muka fi sani da gigin tsufa, ba don irinta aka tsara su ba. Mafi shahara shi ne gwajin MMSE mai maki 30, wanda Marshal Folstein da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1975. Ana tambayar mutum shekara da wata da kwanan wata, a ce ya riƙa cire bakwai-bakwai daga ɗari, ya rubuta jimla guda, ya kwaikwayi zanen wasu siffofi biyu masu kusurwa biyar. Wanda ya gaza kai maki 24, sai a fara zargin ƙwaƙwalwarsa. Ni a ganina, ga wanda bai yi boko ba, rabin wannan gwaji zaman aji yake aunawa, ba lafiyar ƙwaƙwalwa ba.

A duba yadda tsofaffin yankin Dagbon ke lissafin lokaci. Kasuwa tana zagayowa ne duk kwana shida, daga Tamale zuwa garuruwa irin su Savelugu da Kumbungu, kuma tsohuwar da ta yi shekaru tana fatauci ta san wadda ke ci yau ba tare da kalanda ba. Shekara kuwa da bukukuwan Bugum da Damba da azumi da Sallah ake gane ta. A tambaye ta kwanan watan Bature ta yi shiru, sai ta rasa maki, alhali ta san kwana nawa ya rage wata ya tsaya. Haka batun lissafi. Tun 2007 Ghana ta sauya kuɗinta, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, amma har yau akwai masu ciniki da tsohuwar ƙidaya. Mai sayar da goro da ke juya farashi tsakanin ƙidayar biyu a ka, ta ba ka canji daidai, ita ce za ta daburce idan aka ce ta cire bakwai daga 93, don tambayar ba ta da kan gado a wurinta. Ga kuma alkunya: Bahaushiyar zango ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, ko da yaro mai farin kayan asibiti ya tsare ta da ido. Zai rubuta cewa ta manta.

Ba zato ba ne wannan. A 1992 Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana da Benjamin Osuntokun na Ibadan suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Indianapolis. Sun yi amfani da gwajin CSI-D, wanda ya rage dogaro da karatu, ya kuma ƙara abin da tsohon gwajin ya rasa, wato hira da wani na gida da ya san yadda tsohon yake a da. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya nuna masu cutar kashi 2.29 cikin ɗari ne a Ibadan, kashi 8.24 a Indianapolis. A Ibadan ɗin ne Olusegun Baiyewu da abokansa suka maye gurbin fensir da tsinken ashana: mai gwaji ya jera tsinke huɗu a wata siffa, tsoho ya kwaikwaya. Hannun da bai taɓa riƙe fensir ba ya san ashana. Daga baya wani bincike a Zariya ya bi wannan sahu, ya samu kusan kashi 3 cikin ɗari.

Akwai masu cewa sauƙaƙa gwaji zai sa marasa lafiya su tsallake. Damuwarsu tana da tushe, domin rage makin cin gwaji kawai ga wanda bai yi makaranta ba yana iya ɓoye cutar. Amma abin da ake nema sauya tambayar ne, ba rage mata nauyi ba. Lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ko riƙe kalmomi goma a maimaita su bayan ɗan lokaci, yana da wuya ga malami da manomi baki ɗaya, muddin da Dagbanci ko Hausa aka yi shi, ba ta bakin jikan da ke tafinta yana gyara wa kakarsa amsa ba. Wasu kuma su ce shaidar iyali ba abin dogaro ba ce, tunda a babban gida ana ɗauke wa tsoho kowane aiki, kuma ɗa ba ya son tona asirin mahaifinsa. Gaskiya ne, shi ya sa tambayar take bukatar ta zama takamaimai. "Baba yana mantuwa?" ba ta kawo komai. A tambaya ko ya fara rikita raka'o'in salla, ko ya daina gane kuɗi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne: ina amfanin gano cutar da ba ta warkewa? Da farko, ba duk ruɗewa ce cutar ba. Kurumta, ciwon damuwa, ƙarancin bitamin B12 da matsalar maƙoƙo suna kama da ita, kuma suna da magani. Sannan a arewacin Ghana, tsohuwar da ke yawon dare tana surutai ba ta rasa mai kiranta mayya. Sansanonin Gambaga, Kukuo, Gnani da Kpatinga suna nan da matan da aka koro, kuma a Yulin 2020 aka kashe Akua Denteh mai shekara 90 a Kafaba bisa wannan zargi. Ba kowace da aka zarga ke da cutar ba, amma wadda ke da ita, bayanin likita yana iya tsayar da dangi a bayanta. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na ƙasar, Accra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke, don haka ma'aikatan jinya na unguwa ne za su fara ganin tsofaffin Gumbihini, kuma su ya kamata Jami'ar UDS da ke Tamale ta tsara wa gwajin da aka tantance da Dagbanci da Hausa.