Suna, Kuɗi da Kotu: Makomar Matashin Tauraro Idan An Kama Shi Da Tuƙi Cikin Maye

Da asubahin ranar 23 ga Janairun 2014, 'yan sandan Miami Beach da ke jihar Florida a Amurka suka tare wata mota ƙirar Lamborghini ruwan ɗorawa a cikin unguwa. Mai tuƙin shi ne mawaƙin nan ɗan Kanada, Justin Bieber, yana da shekara 19 a lokacin. 'Yan sanda suka ce tsere yake yi da wata Ferrari, yana gudun da ya kusa ninka kilomita 48 a awa da doka ta ƙayyade wa titin. Aka tuhume shi da laifi uku: tuƙi cikin maye, ƙin miƙa wuya ga jami'ai, da tuƙi da lasin da wa'adinsa ya ƙare. Aka ba da belinsa a kan dala 2,500.

A watan Agustan shekarar aka rufe shari'ar. Masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar maye, shi kuma ya amsa laifin tuƙin ganganci da na ƙin miƙa wuya. Ya biya tarar dala 500, ya ba wata ƙungiyar kula da yara gudummawar dala 50,000, aka kuma ɗora masa kwas na awa 12 kan danne fushi. Jama'a da yawa suka ce ai dama an sani, mai suna ba ya kwana a kurkuku. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma idan aka jera irin waɗannan shari'o'i aka duba su ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa a cikin kotu hujja da kuɗin lauya da girman ɓarna ne ke yanke hukunci. Aikin suna ya fi ƙarfi a wajen kotu, kuma ba kullum yake yi wa mai shi rana ba.

Shin matsalar ƙaruwa take yi?

Abin da ya fi ƙaruwa shi ne ganin matsalar. A 1982 mutum fiye da 21,000 ne suka mutu a titunan Amurka a haɗurran da direba ya sha ya wuce ƙa'ida. Zuwa 2014 adadin ya sauka zuwa kusan 10,000, kafin ya sake haura 13,000 a 2022. Saukar ta biyo bayan fafutukar ƙungiyar iyaye mata ta MADD, wadda Candy Lightner ta kafa a 1980 bayan wani direba mashayi ya kashe 'yarta a California, da kuma dokar tarayya ta 1984 da ta matsa wa jihohi lamba su mayar da shekarun sayen barasa 21. Yau ma'aunin barasa a jinin direba shi ne 0.08 a duk jihohi, ban da Utah da ta rage zuwa 0.05.

A daidai lokacin da doka ke ƙara tsanani, sai kasuwar labaran taurari ta buɗe. Shafin TMZ ya fara aiki a 2005, kowa ya riƙe waya mai kyamara, kuma a jihohi da yawa hoton wanda aka kama da rahoton 'yan sanda takardu ne da jama'a ke da damar gani. Laifin da a da ɗan sanda zai rufe da gargaɗi, yanzu kafin gari ya waye ya zagaya duniya.

Me ke jefa su?

Dalili na farko ƙuruciya ce da ta haɗu da dukiya. Masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashen da ke auna haɗari da danne son zuciya ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, shi ya sa kamfanonin inshora ke tsawwala wa matasan direbobi kuɗi. Talakan matashi yana da wannan rauni, amma ba shi da motar da za ta yi gudun kilomita 300 a awa.

Na biyu, yawancinsu ba su yi yarinta irin ta kowa ba. Bieber yana da shekara 13 aka gano shi a YouTube. Lindsay Lohan ta yi suna tun fim ɗin The Parent Trap na 1998. Ɗan ninƙaya Michael Phelps ya shiga gasar Olamfik ta Sydney yana ɗan shekara 15. Yaron da shi ke ciyar da manyan da ke kewaye da shi, da wuya a sami mai ce masa bari. A daren Miami, rahoton 'yan sanda ya ce wasu motocin ayarin ne suka tare titi domin a sami filin tsere. Waɗanda ya kamata su karɓe makulli su ne suka share fage.

Na uku, ga irin waɗannan matasa mota ado ce da nuna isa. Duk cikinsu babu wanda ya rasa kuɗin ɗaukar direba. Sun zauna a gaban sitiyari ne domin a gan su a wurin.

Abin da ke faruwa a cikin kotu

A shari'ar Bieber, hujjar ce ta yi rauni. Na'urar auna numfashi ta nuna 0.014 da 0.011, ƙasa da 0.08 na manya, ƙasa ma da 0.02 da Florida ta sa wa wanda bai kai 21 ba. Gwajin fitsari ya nuna tabar wiwi da maganin Xanax, amma samun ƙwaya a jiki daban, tabbatar da cewa ita ce ta gusar da hankalin direba a wannan sa'a daban. Barasa tana da lamba da kotu ta yarda da ita, su kuwa ƙwayoyi sai an yi gardamar masana. A nan ne kuɗi ke shigowa. Mai iya ɗaukar manyan lauyoyi zai binciki kowane bidiyo da kowace takarda, ya ja shari'a wata da watanni. Wanda gwamnati ta ba lauya mai ɗauke da tarin ƙararraki yakan amsa laifi tun zaman farko domin ya koma bakin aikinsa. Sasantawa da masu gabatar da ƙara ba gata ba ne na taurari, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen laifi a Amurka ta wannan hanya ake samun su. Bambancin yana cikin irin cinikin da kowa ke iya yi.

Shekarar 2007 a Los Angeles ta nuna wata fuskar. Tauraruwar talabijin Nicole Richie ta yi minti 82 a tsare kan tuƙi cikin maye, Lohan ta yi minti 84 kan irin wannan laifi, duniya ta yi ta surutu. Amma gidajen yarin gundumar sun cika maƙil a lokacin, kuma sakin masu ƙananan laifuka da wuri abu ne da ake yi wa kowa. Tauraruwa Paris Hilton kuwa, da ta karya sharuɗɗan ɗaurin talala ta hanyar tuƙi bayan an dakatar da lasinta, an yanke mata kwana 45. Shugaban 'yan sandan gundumar, Lee Baca, ya mayar da ita gida bayan 'yan kwanaki, alƙali Michael Sauer ya sa aka dawo da ita, ta yi kwana 23. Binciken jaridar Los Angeles Times ya nuna ta daɗe a tsare fiye da mafi yawan masu irin laifinta. Alƙalin da ya san kyamarori na kallonsa yana tsoron a ce ya yi sassauci.

Ɗaurin talala ma ba ƙaramin abu ba ne. Lohan ta ƙi halartar darussan illar barasa yadda aka umarce ta, a 2010 aka yanke mata kwana 90, ta yi kusan mako biyu a ciki. Ƙaramin hukuncin farko ya zama igiyar da ta yi ta jan ta zuwa kotu shekara da shekaru.

Inda aka rasa rai

Duk wannan lissafi yana rushewa idan an yi kisa. A ranar 2 ga Nuwamban 2021, Henry Ruggs, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Las Vegas Raiders mai shekara 22, ya yi gudun kusan kilomita 250 a awa a cikin birni da motarsa Corvette, barasar jininsa ta ninka ƙa'ida sau biyu. Ya daki wata mota ta baya, ta kama da wuta, wata matashiya mai shekara 23 ta mutu. Ƙungiyarsa ta sallame shi a ranar. Lauyoyinsa sun ƙalubalanci yadda aka samo izinin ɗibar jininsa, abin da ya taimaka aka sasanta, amma dokar Nevada ba ta yarda da ɗaurin talala ga irin wannan laifi ba. A Agustan 2023 aka ɗaure shi shekara 3 zuwa 10.

A kwatanta da Phelps, wanda aka kama a Baltimore a 2014 yana gudun kilomita 135 a awa a inda aka ƙayyade 72, da barasa 0.14 a jini, karo na biyu ke nan bayan na 2004. Ya sami ɗaurin shekara ɗaya da aka jingine da kuma sa ido na wata 18. Shawarar da mutanen biyu suka yanke kafin su tayar da mota iri ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne ko akwai wani a gabansu a kan titi. Doka tana hukunta sakamako fiye da ganganci, kuma wannan ne ya sa hukuncin farko ba ya tsorata kowa.

Hukuncin da ke wajen kotu

Bayan kama Bieber, mutum fiye da 270,000 suka sa hannu a takardar koke ga Fadar White House a kore shi daga Amurka. Fadar ta ƙi cewa komai a kan shari'ar, shi kuma ya fitar da kundin Purpose a 2015, kasuwarsa ta ƙara bunƙasa. Hukumar ninƙaya ta Amurka ta dakatar da Phelps wata shida, ya shiga cibiyar gyaran hali, ya dawo ya ci zinare biyar a Rio a 2016. Amurka tana son labarin wanda ya faɗi ya tashi, kuma akwai masu sayar da shi.

Koriya ta Kudu ba haka take ba. A Mayun 2022 'yar fim Kim Sae-ron, mai shekara 21, ta daki taransifoma a unguwar Gangnam ta birnin Seoul cikin maye, wuta ta ɗauke a shagunan wurin. Kotu ta ci ta tarar won miliyan 20 a 2023. Amma an yanke fitowarta a finafinai, ayyuka suka ƙafe, masu sharhi a intanet suka bi ta da zagi duk inda ta nufa. An tsinci gawarta a gidanta a Fabrairun 2025 tana da shekara 24, lamarin da ya tayar da muhawara a ƙasar kan yadda ake farautar taurarin da suka yi kuskure. Hukuncin kotu yana da iyaka da ranar ƙarewa. Na jama'a ba shi da alƙali, ba shi da ɗaukaka ƙara.

Abin da ya kamata a auna

Tambayar ko an ɗaure tauraro ko ba a ɗaure shi ba tana gamsar da masu kallo, amma ba ita ce ke kare mai tafiya a titi ba. Tarar dala 500 ba ta taɓa aljihun miloniya, shi ya sa ƙasashe irin su Finland ke auna tara da yawan abin da mutum ke samu. Na'urar da ke hana mota tashi sai direba ya hura numfashi mai tsabta tana rage maimaita laifi matuƙar tana maƙale, kuma ba ta san mai suna da marar suna ba. Magani na tilas ga mai shaye-shaye, da ƙwace lasi na gaske, sun fi minti 84 a ɗakin tsaro amfani. Adalcin da ya rage a nema shi ne a ba talaka irin kariyar da lauyoyin Bieber suka ba shi, a kuma ɗauki kamun farko da muhimmanci tun kafin a sami gawa, domin a wannan mataki ne kaɗai doka ke da damar ceton rai.