Inshorar lafiya a Zamfara: wa take kaiwa gare shi?

Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira a 2023, kuɗin magani ya fi ƙarfin talaka. A shekarar ce kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara nasa ya nasa daga Najeriya, farashin magunguna irin su Augmentin ya yi tashin gwauron zabi. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa, dole inshorar lafiya ta fara jan hankalin magidanta.

A rubuce, hanya a buɗe take. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa (NHIA) ta 2022 ta wajabta inshorar a kan kowa. Zamfara tana da hukumarta, ZAMCHEMA, ga kuma asusun BHCPF da dokar lafiya ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, domin marasa galihu.

Ma'aikaci a Gusau shi ya fi morewa. Daga albashi ake cire nasa, ga Asibitin Tarayya da na Yariman Bakura kusa da shi. Manomi a ƙauyukan Tsafe ko Bunguɗu kuwa kuɗinsa sai kaka, in har 'yan bindiga sun bar shi ya yi noman. Ka ce ya riƙa biya wata-wata kan cutar da ba ta zo ba, alhali hatsin rumbu ba ya kaiwa damina? Wani kuma yana ɗari-ɗari da inshora saboda addini, sai malami ya fayyace masa cewa taimakekeniya ce.

Ko manomin ya samu katin inshorar, da sauran rina a kaba. Inda malamin asibiti ya gudu saboda tsoro, katin ba ya saukar da zazzaɓin yaro da dare. Uban zai nufi kemis, a yanko masa ƙwaya huɗu daga fakiti gwargwadon kuɗinsa, ko ya kai akuya kasuwa ya haɗa na mota zuwa Gusau. Kuɗin motar ba ya cikin inshora. Irin wannan rabin magani shi ke sa cuta ta dawo da ƙarfi, jinya ta ninka.

Dokar ta-ɓaci da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana a fannin lafiya a 2024 ta kawo gyaran asibitoci, kuma ya dace. A ganina abin da ya rage shi ne a karɓi kuɗin manomi sau ɗaya lokacin kaka, ta hannun ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa, a kuma tabbatar da magani a ƙaramin asibitin unguwa kafin a raba kati.