Diyyar Ciwon Baya Ga Mahaƙan Kwal: Yadda Ake Nemanta Da Dalilin Wahalar Samunta

Idan rufin rami ya rufta wa mahaƙin kwal, ba a cika yin jayayya a kan diyyarsa ba, domin akwai ranar da abin ya auku, akwai kuma shaidu. Amma ciwon bayan da ke kama mutum sannu a hankali, a sakamakon shekarun da ya yi yana sunkuye, yana ɗaga kaya masu nauyi ko yana zaune a kan injin da ke jijjiga, ba shi da rana ba shi da shaida. A nan ne yawancin takaddama tsakanin ma'aikaci da kamfani take tasowa.

Tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya akwai wasu faifai masu taushi da ke rage ƙarfin bugu. Yawan maimaita aiki mai nauyi yana sa su lalace, har wani ya zame ya danne jijiya. Matsalar ita ce, tsufa ma yana haifar da irin wannan lalacewa, saboda haka mai biyan diyya yakan ce shekaru ne suka jawo ciwon, ba aiki ba.

Ƙasar Jamus ta nemi warware wannan ƙulli a 1993, lokacin da ta sanya lalacewar faifan ƙugu cikin jerin cututtukan sana'a. Amma sai ma'aikaci ya nuna ya daɗe yana aikin, galibi kimanin shekara 10. Haka nan Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya cututtukan ƙashi da tsoka a cikin jerinta na 2002.

A Nijeriya, inda aka fara haƙar kwal a Inugu a 1916, kuma yau ake haƙarsa a jihohi irin su Kogi da Gombe, dokar da ke aiki ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987. A da, kamfani ne ke ɗaukar nauyin biyan wanda ya ji rauni. Yanzu kuwa kowane mai ɗaukar ma'aikata yana zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma doka ta hana a cire kuɗin daga albashin ma'aikaci.

Dokar ta gindaya wa'adi. Ma'aikaci zai sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani kuma ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya za ta shiga cikin shekara 1, ko da yake akan ƙara zuwa shekara 3 idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada yana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na albashinsa a kowane wata. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya neman hukumar ta sake dubawa, daga nan ya garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ga mai ciwon da ya shigo a hankali, waɗannan wa'adodi suna iya zama tarko, domin mahaƙi yakan daure har sai ya kasa miƙewa. A lokacin, abin da zai cece shi shi ne rubutaccen bayani: sakamakon gwajin likita na ranar da aka ɗauke shi aiki, irin aikin da ya yi, da tsawon shekarun da ya yi a kai. Leburan da ake biya kullum ba tare da rajista ba, shi ne ya fi kowa shiga tsaka mai wuya.

Saboda haka, ga masu kamfanonin haƙa da 'yan kwangilarsu, adana waɗannan bayanai yana cikin tattalin dukiya. Rasa ƙwararren mahaƙi yana rage yawan kwal ɗin da ake fitarwa, horar da sabo kuma yana cin kuɗi da lokaci. Yin rajista, biyan kashi 1 ɗin a kan kari, gwajin lafiya lokaci-lokaci da samar da injunan ɗaga kaya sun fi shari'a arha.