Jarumin da ya koma jiya: Me zai tuna, me zai manta?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon masu tura fina-finai a waya, a kasuwar Jega ko a kusa da jami'ar Aliero, ya san cewa shiri mai dogon zango ya kere fim mai fita ɗaya a wajen matasa. Daga cikin waɗanda ake nema har da na ƙasashen waje masu labarin tafiya cikin zamani, inda jarumi yake komawa shekarun baya ko ya tsallaka zuwa na gaba. Na'urar da ke ɗaukar jarumin ita ce ke jan ido, amma abin da ke wahalar da marubutan irin wannan shiri shi ne ƙwaƙwalwarsa.

A ɗauki misalin manomin albasa a Aliero wanda ya adana amfaninsa yana jiran farashi ya tashi, sai albasar ta ruɓe. Asarar ta koya masa haƙuri da tattali. To a ce labari ya mayar da shi baya, ya sayar tun da wuri, asarar ba ta auku ba. Shin zai tuna da ita? Idan ya tuna, ya zama mutum ɗaya tilo da ke ɗauke da baƙin cikin abin da babu wanda ya shaida. Idan kuma ya manta, darasin ya tafi, mai kallo ya ɓata makonni yana bin mutumin da bai motsa daga inda ya fara ba. Dole marubuci ya zaɓi ɗaya, kuma ya tsaya a kan zaɓinsa har ƙarshe.

Shirin Doctor Who na BBC, wanda aka fara nunawa ranar 23 ga Nuwamban 1963, shi ne ya fi daɗewa yana fama da wannan tambaya. A 1966 rashin lafiya ta sa William Hartnell ya bar shirin. Maimakon a rufe, sai aka ce Dakta, wanda dama ba ɗan wannan duniya ba ne, yana iya sauya jiki idan mutuwa ta kusanto shi, Patrick Troughton ya karɓa. Fuska da ɗabi'a suna canzawa, amma abin da ya gani da mutanen da ya rasa suna nan a ransa. Da wannan dabara shirin ya kai ga Jodie Whittaker, mace ta farko da ta ja ragamarsa, da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda.

Shirin ya kuma gwada akasin haka. Donna Noble, wadda Catherine Tate ta fito a matsayinta, ta fara ne a matsayin mace mai yawan surutu wadda ba ta ɗauki kanta a bakin komai ba. Tafiye-tafiyenta da Dakta suka mayar da ita jaruma. A 2008 aka goge mata duk wannan daga ƙwaƙwalwa domin a ceci ranta, ta koma gida yadda ta fito. Jikinta lafiya lau, amma masu kallo da yawa sun ɗauki abin kamar rasuwa, kuma sai a 2023 aka dawo mata da abin da ta manta. A ganina babu wurin da aka fi nuna cewa girman jarumi a labari yana rataye ne ga abin da yake tunawa.

Shirin Dark na Jamus, wanda Netflix ya nuna daga 2017 zuwa 2020, ya bi hanya mafi tsauri. Labarin garin Winden yana zagayawa a tazarar shekara 33, wato 1953 da 1986 da 2019, kuma mutum yakan haɗu da kansa yana tsoho. Tsohon yana tuna haɗuwar sarai, don haka ya san abin da zai faɗa wa yaron, ya kuma san ba zai ji ba.

Mai kallo Bahaushe ba baƙo ba ne ga tunanin mutumin da zamani ya wuce shi. Tun a makarantar allo yake jin ƙissar As'habul Kahfi, waɗanda suka yi barcin shekara 309 suka farka suna zaton yini guda ne ko wani sashensa. Wannan ƙissa ce ta Alƙur'ani ba ƙagaggen labari ba, amma ta sa kunnensa ya saba da tazarar da ke tsakanin abin da mutum ya sani da abin da duniya ta zama.

A Kannywood matsalar ta zo ta wata ƙofar. Shirin Labarina na Aminu Saira, wanda aka fara a 2020, ya yi farin jini da Nafisa Abdullahi a matsayin Sumayya. Da ta bar shirin, Fati Washa ta hau matsayin, aka yi ta muhawara a Facebook. Sumayya ba ta da uzurin da Dakta yake da shi, don haka abin da ya rage shi ne sabuwar fuskar ta ɗauki tsohon ciwo, ta riƙa kallon waɗanda suka cuce ta kamar ta tuna. Shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, da suka ɗauki shekaru ana yi, su ma nauyin nan yana kansu.

A manyan masana'antu akwai ma'aikaci na musamman da ke rubuta abin da kowane jarumi ya sani, da ranar da ya sani, da wanda ya faɗa masa. Buƙatar hakan ta ƙaru yanzu, domin da can mai kallo a Maiyama yakan jira mako guda kafin kashi na gaba, mantuwa ta rufa wa marubuci asiri. Yau zango guda yana cikin wayarsa, yana iya kallonsa a dare biyu, ya kuma koma kashi na uku ya duba ko jarumar ta san sirrin da take nuna mamakinsa a kashi na goma.