Ran da aka rufe hanya: damuwa da zaman aure a Adar lokacin korona

 Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga ɗaliban yaƙi da jahilci na gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa. Hirarmu ta yau a kan wani ciwo ce wanda ba ya sa tari, ba ya sa masassara, amma yana iya kashe aure. Sunansa damuwa. Za mu dube shi ta hanyar abin da ya faru a shekara ta 2020, lokacin annobar korona.

Bari mu tuna tare. Ran 17 ga watan Maris na 2020, shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya yi wa ƴan ƙasa jawabi. Aka rufe iyakokin ƙasa da filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram. Aka rufe makarantu. Aka hana taron da ya wuce mutum 50, ko na aure ne ko na suna. Ran 19 ga wata aka samu mutum na farko mai cutar a Nijar. Aka kuma rufe masallatai da majami'u, ba a buɗe su ba sai ran 13 ga Mayu, azumi ya riga ya wuce rabi. A ƙarshen Maris aka killace Yamai, ba shiga ba fita, aka hana yawo daga ƙarfe 7 na marece zuwa ƙarfe 6 na safe.

A Adar ba a kulle kowa cikin ɗaki ba, kamar yadda aka yi a Faransa ko Italiya. Abin da aka rufe mana shi ne hanya. Kuma duk wanda ya san Adar ya san hanya ita ce gonarmu ta rani. Da an gama girbi, samari da magidanta sai su kama hanyar bida: Najeriya, Abijan, Libiya, Aljeriya. Mata su riƙe gida. Ba yau aka fara ba. Lokacin da aka soma babban aikin raya karkara na Keita a 1984, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da shuka itatuwa, don mazan suna cin rani.

To, ga hanya ta toshe. Dama Najeriya ta rufe iyakarta tun watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ƙofar Illela, mai kallon Birnin Ƙonni, ba sai Disamba na 2020. Kwaddibuwa ta rufe iyakokinta na ƙasa a Maris na 2020, ba ta buɗe su ba sai Fabrairu na 2023. Wannan ya haifar da gidaje iri biyu. Mu ɗauki misali.

Gida na farko, maigida yana Abijan. Ciniki ya tsaya, ga kuɗin haya. Ba ya iya aikowa, ba ya iya dawowa. A ƙauye kuwa bazara ta yi, hatsi ya yi ƙasa cikin rumbu, shuka ta gabato. Matarsa ta kira shi a wayar salula, bai ɗauka ba. Ta sake kira, shiru. Me ya hana shi? Kunya. Ba ya son ya ce "ba ni da shi". Amma ita ba ta ga kunyar ba, shirun kawai ta ji. Sai zuciya ta soma ba ta labari: ko ya manta da mu, ko ya yi wani aure can. Uwar miji kuma tana nata lissafin: watakila ɗana ya aiko, yarinyar nan ta ɓoye. Mutum uku ke nan suna kwana da ɓacin rai, alhali ba wanda ya cuci wani a cikinsu.

Gida na biyu, maigida yana nan, bai samu tafiya ba. Kun sani, a al'adarmu cikin gida da rana na mata ne. Namiji yana gona, ko kasuwa, ko masallaci, ko fada wurin shayi da abokai. Can yake sauke abin da ke ransa. Mace kuma tana da wurin biki, da wurin suna, da taron asusu irin na Mata Masu Dubara. Da aka taƙaita taruwa, waɗannan ƙofofi suka ragu. Yara ba su zuwa lakkol. Kowa na bisa kan kowa, ga zafin bazara, ga ƙishirwar azumi. Matar ta ce: "Malam, ba kuɗin kayan miya." Ita magana ta faɗa ta gaskiya. Shi kuwa abin da kunnensa ya ji shi ne: "Ka kasa." Sai ya daka mata tsawa. Idan akwai abokiyar zama, abin ya ƙara tsanani, don kowace tana duban abin da aka ba ƴar'uwarta ran girkinta.

Me ya sa mutum mai haƙuri kan zama mai saurin fushi? Ga bayanin likitoci. Bisa kowace ƙoda akwai wata ƴar ƙaramar tsoka. Idan mutum ya tsorata, sai ta zuba wasu sinadarai cikin jini, ana ce da su adiranalin da kortizol. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jijiyoyi su ɗaure. Wannan taimako ne, idan maciji ka gani a gona: ka yi tsalle, ka tsira, jiki ya kwanta. Amma rashin kuɗi ba maciji ba ne da za a kashe da sanda. Yana nan da safe, yana nan da dare, wata da watanni. Jiki ya zauna cikin shirin faɗa, ba hutu. Barci ya ƙaurace, kai ya yi ciwo, ciki ya ƙi tuwo. Wanda bai yi barci ba kuwa, ƙaramar magana sai ta zame masa babba. Mutum ba ya iya faɗa da iyakar ƙasa, ba ya iya faɗa da cuta. Sai fushin ya sauka kan wanda ya fi kusa, wanda ba zai rama ba: mata, ko yaro.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A watan Afrilu na 2020 babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antoniyo Gutares, ya yi kira ga gwamnatoci su kare mata, saboda duka da cin zali sun ƙaru cikin gidaje a ƙasashe da yawa. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa a shekarar farko ta annobar, ciwon fargaba da ciwon baƙin ciki mai tsanani sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Wato inda a da ake da mutum 4 masu fama, sun zama 5.

A nan sai mu faɗi gaskiya. Damuwa tana bayyana dalilin fushi, amma ba ta wanke mai duka. Duk talaucin da ake ciki, ɗaga hannu a kan mace laifi ne. Matar da ake duka kada ta yi shiru: ta gaya wa waliyyinta, ko liman, ko mai gari, kuma dokar ƙasa ta ba ta dama ta kai ƙara.

Korona ta lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kanta ran 5 ga Mayu na 2023. Amma hanya tana iya sake rufewa, kuma fari ko tsadar hatsi suna kawo irin wannan damuwa. Don haka ga abin da ya kamata a riƙe.

Kai da ke wurin bida, ko ba ka da ko dala, kira gida. Ka ce: "Ciniki ya tsaya, amma ina lafiya, ban manta da ku ba." Ka faɗa wa matarka, ka faɗa wa mahaifiyarka, da bakinka, don kada zargi ya shiga tsakaninsu. Kai da ke gida, ka nuna wa iyalinka gaskiyar abin da ya rage cikin rumbu. Ku ƙidaya dammunan tare, ku raba su bisa watanni. Ku da kuka koyi rubutu da lissafi, ga ranar amfaninsu: a rubuta cikin littafi, kowa ya gani. Mace da ta san dami 12 suka rage ba ta zargin an ɓoye 20. Kuma a zaɓi lokacin magana. Kada a tayar da zancen kuɗi da tsakar rana, ko gaban yara, ko ana jiran shan ruwa. Idan ka ji zuciya ta hau, ka fita, ka zaga bayan gari, ka dawo.

Wani gargaɗi ga samari: ƙwayar tramol ba ta maganin damuwa. Tana rufe ta na ɗan lokaci, ta cinye kuɗin, ta bar mutum da jarabarta.

Yaushe damuwa ke zama ciwon da sai likita? Idan mutum ya yi mako 2 ko fiye cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da yake so a da ya fita ransa, ba barci, ba cin abinci, ba ƙarfin aiki, to a kai shi gidan likita mafi kusa. Mace mai jego ma tana iya kamuwa, har ta kasa kula da jaririnta. Kada a ce mata raguwa. Mutane da yawa sukan ce iska ce ko sammu, su fara zuwa wurin malam ko boka. Addu'a ba ta hana zuwa likita. Wannan ba hauka ba ne, kuma ana warkewa. Ku gaya wa majo dukan abin da kuke ji, ba ciwon kai kaɗai ba. Idan abin ya fi ƙarfinsa, zai tura ku babbar likita ta Madawa, Buza ko Keita, ko ta Tawa. Wanda kuwa ya ce ya gaji da duniya, yana son ya kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai ko na awa ɗaya. A kawar da maganin ƙwari na gona da wuƙa da igiya daga kusa da shi, a kai shi likita ran nan.

A cibiyarku, bayan karatu, ku tattauna wannan tambaya: a garinku, wa mace take kai wa kukanta idan mijinta yana nesa? Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.